Murafun injin tsohon babur sun ƙi ƙyalli duk da man gogewa

Tambaya: Na gaji wani tsohon babur daga mahaifina, Honda CB350 ƙirar 1972, ina so in farfaɗo da shi. Murafun injin da ƙafafun gaba duk sun yi rawaya-rawaya, ga fararen tabo kamar makero. Na sayi man goge ƙarfe na Autosol na yi ta gogawa har hannuna ya gaji, ko gezau. Wani abokina ya ce in jiƙa su a ruwan soda su kwana. Yaya zan yi su dawo suna ƙyalli?

Amsa: Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Shawarar abokin nan naka ajiye ta gefe tukuna, zan zo kanta. Man da ka saya kuwa ba shi da laifin komai, har yanzu bai ma kai ga alminiyum ɗin ba. Baburan Japan na wancan zamani, Honda ne ko Yamaha ko Suzuki ko Kawasaki, galibi a masana'anta akan goge murafunsu, sannan a fesa musu wani siririn banish garai-garai don kada su dushe. Shekara hamsin da ɗoriya na zafin inji da rana sun mai da banish ɗin rawaya, ya tsattsage, danshi ya kutsa ta ƙarƙashinsa yana cin ƙarfen. Fararen tabon da kake gani, da 'yan zane-zanen nan masu kama da sawun tsutsa, duk a ƙarƙashin banish suke. Kai kuma kana ta murza mai a sama, kamar mai shafa wa majinyaci magani a kan riga.

Gwajin ba wuya. Ɗiga man a farin tsumma ka murza wuri guda na kamar rabin minti. Idan alminiyum ɗin tsirara yake, nan take tsumman zai yi baƙi ƙirin, domin man yana kankare wani siririn ɓawo da ƙarfen ke yi wa kansa da zarar ya haɗu da iska. Idan tsumma ya fito da ɗan datti kawai, to akwai wani abu tsakaninka da ƙarfen: ko banish, ko fenti, ko abin da ake kira anodayizin. Shi wannan na ƙarshe a ruwan asid ake tsoma kayan, a sa musu wutar lantarki har ɓawon nan ya yi kauri ya yi tauri, kuma an fi ganinsa a rim ɗin alminiyum. Don ka bambance, kankari wani ɓoyayyen lungu da reza. Banish ɓantarewa yake yi ya naɗe, anodayizin kuwa reza zamewa take yi a kansa. In ka tarar da anodayizin mai lafiya, wanke shi da ruwa da sabulu ka ƙyale shi.

Sannan ba kowane farin ƙarfe ne alminiyum ba, duk da cewa a bakin masu gyara kusan duk dalma ake ce musu. Abin da maganaɗisu ya kama, kamar rim ɗin babur ɗinka, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa ruwan kurom, samfefa kuwa ɓata shi za ta yi. Wanda ya yi maka nauyi fiye da girmansa wataƙila tutiya ce, domin ta ninka alminiyum nauyi fiye da sau biyu da rabi, kuma da ita aka zuba jikin kafireto da yawa. Wanda ya yi sakayau fiye da kima kana iya tarar da magniziyam ne. An fi samunsa a baburan tsere, sau da yawa ma sunan a rubuce yake a jikin murfin. Ɗiga masa ruwan khal a inda ka kankare: magniziyam zai yi kumfa, alminiyum ba zai motsa ba. Magniziyam fenti ake yi masa, domin in ka goge shi kwana kaɗan zai dushe, ƙurarsa kuma tana kama wuta.

Kada ka yi aikin a jikin babur. Juye man inji, ka kwance kowane murfi. A nan mutane da yawa suke fara ɓarna tun kafin su taɓa samfefa. Sukurorin Japan na lokacin masu kan gicciye ne, amma ƙirarsu ita ce JIS, wato tsarin masana'antun Japan, wasu ma za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Sukudireban Phillips da kowa ke da shi ba ya zama daram a cikinsu, yana ɗagowa ya cinye kan. Nemi mai bakin JIS, ko sukudireban nan da ake bugawa da guduma. Sukuron ƙarfe da ya shekara hamsin a cikin alminiyum yakan manne, amma ɗan zafi yana sakinsa, domin alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Sai dai ka yi hattara da wuta. Alminiyum yana narkewa a digiri 660 na Celsius, na zubi ma ƙasa da haka, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, sai dai ka ga wurin ya lotsa. Tsawon sukurorin murfi ɗaya ba ɗaya ba ne, saboda haka zana siffar murfin a kwali ka soka kowane a gurbinsa.

Wanki na gaba. Kananzir da buroshin roba sun wadatar wajen cire giris da daskararren mai, sannan ka bi da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Soson ƙarfe da buroshin waya kada su kusanci kayan. Suna barin 'yan ɓurɓushin ƙarfe a cikin naman alminiyum, bayan 'yan makonni sai ka ga jajayen ɗigo-ɗigo na tsatsa a kan abin da ba ya tsatsa.

To, batun soda. Kostik soda ba ta tsaya kan datti ba, alminiyum ɗin kansa take narkarwa, tana fitar da zafi da iskar haidirojin wadda ke kama wuta. Ina yaron shago na taɓa jefa wani ƙaramin murfi a bokitin soda don in huta da kankara, na tafi wani aiki na kamar awa biyu. Da na dawo, bokitin ya yi zafi yana tafasa shi kaɗai. Na zaro murfin da filaya, ya yi baƙi-baƙi, ya yi kaushi kamar dutsen wasa wuƙa, gefensa ya zagwanye, ramukan sukurori sun buɗe. Baƙin nan ragowar silikon da jan ƙarfen da ke cikin zubin ne, bayan soda ta kwashe alminiyum ɗin sama. Maigidana bai ce mini uffan ba. Ƙusa ya kafa a bango daidai inda nake tsayawa, ya rataye murfin a nan, ya shekara yana kallona. Wannan awa biyu ke nan, abokinka kuwa cewa ya yi a kwana. Gaskiya ne masu sana'a kan yi amfani da soda wajen cire anodayizin, amma na 'yan mintoci ne, suna tsaye a kai suna dubawa. Maganin wanke murhun gashi ma sodar ce a ciki, haka nan yawancin sabulan wanke inji masu ƙarfi sukan bar alminiyum da tabo ruwan toka. Ruwan batir da asid ɗin wanke siminti su ma a'a. Wanda na fi jin tsoro shi ne ruwan haskaka rim mai ɗauke da asid ɗin haidirofulorik: yana barin ƙarfen fari fat kamar alli, in ya taɓa fata kuma ba lalle ka ji zafi nan take ba, alhali yana ratsa nama yana nufar ƙashi.

Abin da ke cire banish shi ne man cire fenti. Shafa shi da kauri, ka rufe da leda don kada ya bushe, ka ba shi minti 15 zuwa 20. Za ka ga banish ya yamutse ya kumbura. Kankare da tsinken katako ko roba, ka maimaita in da saura, ka wanke. Mai saurin aiki a cikinsu shi ne mai sinadarin metilin kulorayid, amma tururinsa ya kashe mutane a rufaffen ɗaki, har Amurka ta hana sayar wa jama'a shi a 2019, Tarayyar Turai kuma ta riga ta. Ko wane iri ka samu, a fili za ka yi aikin, da safar hannu da tabarau.

Yanzu ka iso inda ainihin aikin yake. Ƙarfe yana ƙyalli ne idan fuskarsa ta yi sumul har haske ya daina warwatsewa a kanta, kuma samfefa ce ke kai shi nan. Man gogewa ƙarshen kaushin kawai yake sharewa. In ka ga murfi yana sheƙi amma hoton fuskarka a ciki yana karkacewa, ko ka ga dogayen zane a ƙarƙashin ƙyallin idan rana ta haska, an yi gaggawa ne a wajen samfefa.

Samo samfefar ruwa, ka jiƙa ta minti goma a bokiti mai ɗigon sabulu. Ruwan yana kwashe garin alminiyum, wanda in a bushe ne yakan dunƙule a jikin takardar ya koma yana yi maka sababbin zane. Da wace lamba za a fara? Da mafi laushin da za ta iya cire ɓarnar (gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin samfefar). In tabon sama-sama ne, 400 ta isa. In akwai 'yan ramuka, sauka zuwa 240. Gurzuwar faɗuwa mai zurfi sai ka fara lallaɓa ta da magagari mai laushi, sannan 180. Kowace lamba da ka sauka, ka ƙara wa kanka aikin goge sawunta, saboda haka gwada 400 tukuna a wani gefe ka gani.

Lambar farko ita ce ke cin rabin lokacinka, kuma haka ya kamata. Duk ramin da ka bari a nan, babu lambar gaba da za ta cire shi. Naɗa samfefar a jikin ɗan guntun roba mai tauri a wuraren da suke shimfiɗe, domin yatsu tsirara suna haƙa kwari-kwari da ido ba ya gani sai an gama gogewa. Goga ta fuska ɗaya, gaba da baya, ban da zagaye. Idan ka koma lamba ta gaba, juya hannu ka gitta sawun farko. Hikimar ita ce muddin kana hango layin da ya bi tsohuwar hanya, ba ka gama da wannan lambar ba. Ni nakan zizara baƙar tawadar alƙalamin maka a duk fuskar murfin kafin kowace lamba, inda tawada ta maƙale nan ne kwari. Tsakanin lamba da lamba wanke murfin, ka sauya ruwan bokitin, domin ƙwayar yashi guda ta 240 da ta ɓuya za ta iya ɓata maka aikin 1000. Jerin shi ne 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000 ga wanda zai ƙarasa da hannu. Mai injin gogewa yana iya tsayawa a 600 ko 800. Tsallake lamba ba ya rage lokaci, na gwada sau da yawa. Murfin kuloci guda yakan ci mini yini in da hannu ne.

Akwai wurin da dole ka san tsayawa. Murafun nan zuba su aka yi a cikin mazubi da matsin ƙarfi, saboda haka fatar sama ta fi cikin tsauri, cikin kuwa akwai 'yan kofofin iska ƙanana kamar bakin allura. In ka nace sai ka bi wani rami har gindinsa, sai ka huda fatar ka buɗe wasu goma a kewayensa, kana ƙara gogawa suna ƙara fitowa. Ramin da ya ƙi tafiya bayan ƙoƙari mai ma'ana, bar shi. Babur mai shekara hamsin yana da haƙƙin ya riƙe tabo ɗaya ko biyu. Tsaga ko rami babba sai walda irin ta TIG, wadda ake yi da iskar argon, kuma ka sani wurin waldar yakan ɗan bambanta da sauran a launi. Gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu yana toshe rami, amma ba ya ɗaukar ƙyalli. Rubutun HONDA da kaifin gefuna kuma ka kewaye su a hankali, domin murfin da aka cinye wa kusurwoyi kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi yake zama. Fuskar da gasket ke kwanciya, mazaunin boris da na oyil sil, waɗannan samfefa ba ta da hurumi a can. Rufe su da tef. In fuskar gasket ta lanƙwashe, shimfiɗa samfefa 400 a kan gilashi mai kauri ka murza murfin a kai a hankali.

In kana da injin wasa na kan tebur, cire dutsen ka ɗaura faifan ƙyalle. Kada ka taɓa wasa alminiyum a kan dutsen kansa, yana toshe shi. Sabulun gogewa sanda-sanda yake zuwa: baƙi mai kaushi da ake haɗawa da faifan sisal, ruwan ƙasa da ake kira tirifoli a kan faifan auduga ɗinkakke, sai fari a kan faifan auduga marar ɗinki don ƙarshe. Wanda ya kai 800 da samfefa ba ya bukatar baƙin. Kowane sabulu da faifansa, in ka haɗa su farin ya tashi aiki. Taɓa sandar a jikin faifan na daƙiƙa biyu kawai, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ka ga baƙin maiƙo yana dankarewa a kan murfin, sabulu ya yi yawa ko faifan ya toshe, sai ka tsefe shi da bakin tsohon zarto.

Injin nan yana juyawa kusan sau 3,000 a minti, ba ya wasa. Riƙe kayan a ƙasa da tsakiyar faifan, inda yake juyawa ƙasa, ka bi daga tsakiyar murfi zuwa gefe. In ka miƙa masa kaifin gefe ta sama, zai fizge murfin ya maka shi da ƙasa kafin ka ƙifta ido, aikin yini ya tafi. Riga mai faɗin hannu, zobe, tsumma a hannu, duk ajiye su. Sa tabarau da takunkumi, domin bayan awa guda fuskarka za ta yi baƙi, abin da ya hau fuska kuwa yana neman huhu. Share ƙurar alminiyum kafin a wasa ƙarfe a wurin, tartsatsi da wannan ƙura ba sa haɗuwa. Murfin zai ɗauki zafi, ɗan ɗumi yana taimakon sabulun, in ya gagari riƙo ajiye shi ka ɗauki wani. Lungunan da faifai ba ya shiga, ƙaramin faifai a bakin injin huji yana isa.

Ba ka da inji? Babu damuwa. Bayan 2000, Autosol ɗin nan naka zai nuna maka abin da ya iya. Ɗan kaɗan a tsumman auduga, ka murza har ya yi baƙi, ka share da wani tsumma mai tsabta, ka maimaita sau uku ko huɗu. Baƙin da ya maƙale a lunguna kananzir ko tina na cire shi, hodar talkum a busasshen tsumma kuma tana ɗauke sauran maiƙon. Kada ka yi tsammanin hasken kurom. Alminiyum na zubi yana da silikon a ciki, ƙyallinsa yana da ɗan duhu-duhu mai taushi, ni kam ya fi mini kyau a ido.

Haƙarƙarin silinda da kan silinda da jikin injin kansa, waɗannan wankewa ake yi, ba a mai da su madubi. Honda da yawa na lokacin ma fentin azurfa aka yi wa jikin injinsu. Kananzir, buroshin roba mai tsawo da soson Scotch-Brite sun isa. Mafi kyawun sakamako shi ne feshin ruwa gauraye da garin gilashi, wanda ke barin ƙarfen sumul kamar sabon zubi, ko feshin garin bakin soda (irin ta girki, ba kostik ba), wanda ruwa ke narkar da ragowarsa. Feshin yashi ko ƙwayar gilashi a bushe kuwa akwai haɗari. Na taɓa kai kan silinda wani wuri aka fesa, ya dawo gwanin sha'awa, na hura masa iska na ɗaura. Ƙwayoyin da suka ɓuya a hanyar mai sai da inji ya yi zafi suka sauko, cikin 'yan kwanaki suka cinye mazaunin kamshaf. In za a fesa, a kwance komai, a toshe kowace hanyar mai, bayan an gama a wanke da ruwan zafi da sabulu da ɗan buroshin kwalba har sau uku.

Sauran shawara ɗaya da kai za ka yanke. Babur ɗin nan bai fito daga masana'anta kamar madubi ba. Ƙyallinsa matsakaici ne, ƙafafun gaba ma galibi da ɗan sawun buroshi a jikinsu. In burinka ya koma yadda baba ya saye shi, tsaya a 800, ka bi da Scotch-Brite mai laushi ta fuska ɗaya, ka wanke da tina, a fesa banish mai haɗi biyu wanda ke jure fetur da zafi. Banish yana kama irin wannan fuskar sosai. A kan madubi kuwa ba ya samun abin riƙewa, yana rage hasken, kuma ranar da tsakuwa ta fasa shi labarin da ka fara da shi ne zai dawo. Shi ya sa nawa murafun nake barinsu tsirara, in shafa kakin goge mota, in bi su da man gogewa duk bayan wata biyu ko uku, aikin minti goma ne. In babur ya sha ruwan sama ko iskar bakin teku, share shi ya bushe a ranar, domin gishiri da danshi su ne ke dawo da farin garin.

Fara da mafi ƙanƙantar murfi, hannunka ya saba kafin ka taɓa na kuloci. Wajen mayarwa, wanke cikin kowane murfi tas don kada garin samfefa ya bi mai, sa sabon gasket, ka shafa ɗan man hana mannewa a zaren kowane sukuro. Ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, masu kaurin milimita 6 kada su wuce wajen Nm 10 a sufana mai auna ƙarfin ɗauri, domin zaren da ke cikin alminiyum ba ya jure hannu mai nauyi.